Me ya sa ba kowace dabba ake samu a gidan zu ba, kuma ina tsirran da ake cewa akwai?

Wata malamar firamare ta aiko da tambaya bayan ta kai 'yan ajinta gidan zu na Audu Bako da ke Kano. Ta ce yaran sun ga zaki da kura da jimina da kada da birai, amma tun a mota suka tsare ta da tambayar ina beyar da damisar Indiya mai zane da tsuntsun fengwin da suke gani a talabijin, ita kuwa ba ta da abin faɗa musu. Ta ƙara da cewa ta ji ana kiran wurin lambun dabbobi da tsirrai, alhali ban da bishiyoyin da suka sha inuwarsu ba ta ga wani tsiro da aka nuna musu ba. Abin da take son sani shi ne wa yake zaɓar abin da za a ajiye, kuma da wane ma'auni.

Malama, na yi shekaru ina aikin likitan dabbobi a wani gidan namun daji a Arewa, kuma wannan tambaya ta ɗalibanki ita ce wadda baƙi suka fi yi mana a bakin ƙofar fita, manya da yara. A ƙa'ida, hukumar gidan ce tare da likitocinta da masu kula da dabbobi suke zama su tsara irin dabbobin da za a ajiye, kuma kyan gani shi ne abu na ƙarshe da ya kamata su duba. Kafin a kai ga nan sai an tabbatar za a iya ciyar da dabbar kullum har ƙarshen ranta, kuma za ta jure yanayin garin, kuma za a samar mata fili da 'yan uwa irinta, sannan an samo ta ta hanyar da doka ta yarda. A zahiri kuma, kamar yadda zan nuna a gaba, dabbobi da yawa a gidajenmu sun shigo ne ba tare da kowa ya zaɓe su ba.

Abinci shi ne ke fara kayar da yawancin buri. Babban zaki yana bukatar kimanin kilo 5 zuwa 7 na nama a rana, wato wajen tan 2 a shekara, kuma ba ruwansa da ko an saki kuɗin wata ko ba a saki ba. Giwa tana lashe abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a yini, ta sha ruwa lita 100 zuwa 200, dorina kuma tana cin ciyawa wajen kilo 40 a dare ɗaya. Waɗannan duka abincinsu yana samuwa a ƙasarmu, tsada ce kawai matsalarsu. Akwai dabbobin da matsalarsu ta wuce tsada, kamar beyar ɗin Sin mai fari da baƙi da ake kira fanda, wanda kusan ba ya cin komai sai ɗanyen gora. A shekarar 2020 gidan zu na birnin Kalgari a Kanada, duk da ƙarfin aljihunsa, ya mayar da fanda biyu ƙasar Sin saboda annobar korona ta tsayar da jiragen da ke kawo musu gorar. Idan abin ya gagari Kalgari, ba sai na yi dogon bayani a kan Kano ko Maiduguri ba.

Ba yawan abincin ne kaɗai ake dubawa ba, har da irinsa, kuma a nan ne na ga kuskuren da ya fi ba ni tausayi. An taɓa kawo mana ɗan zaki wanda wani mai hali ya raina a gidansa, ya yi wata shida yana ba shi zallar tsoka, jan nama mai kyau da babu ƙashi babu kitse, yana ganin gata yake yi masa. Da aka sauke shi daga mota ya yi taku uku sai ya zauna, ƙafafunsa na gaba sun lanƙwashe kamar baka, idan aka taɓa ƙugunsa sai ya yi ƙara. Tsoka tana da sinadarin fosfaras da yawa amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, don haka jikin ɗan zakin ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙasusuwansa har suka yi laushi. A daji zaki yana cin ƙashi da hanta da fata da kayan ciki, shi ya sa a gidan da aka san aiki za ki ga ana jefa masa akuya da gashinta da komai, abin da baƙi suke ɗauka rowa ce ko ƙazanta. Mun ceci ran wannan zakin, amma har ya girma bai daina ɗingishi ba.

Sai yanayi. A watan Afrilu zafin Kano yakan wuce digiri 40, kuma farin beyar na yankin ƙanƙara an halicce shi da kitse mai kauri da gashi ninki biyu don ya riƙe ɗumin jikinsa, ba don ya fitar da shi ba. Gidajen zu na ƙasashe masu zafi da suke ajiye irinsa, ko fengwin na ƙarshen kudancin duniya, suna yi ne da ɗakuna masu na'urar sanyaya iska da ruwa wadda ba ta tsayawa dare da rana, kuma kin san halin wutar lantarkinmu. Damisar Indiya kam za ta iya zama a nan, don ta saba da zafi muddin tana da ruwan da za ta kwanta a ciki, sai dai samo ta da ciyar da ita ba su da amfanin da zai biya wahalar. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne sanyinmu ma yana yi wa wasu dabbobin illa. Birin cimfanzi ɗan kurmi ne, hunturu da ƙurarsa suna sa masa mura da ciwon haƙarƙari kamar yaro, sai an rufe masa ɗakin kwana an shimfiɗa masa ciyawa. Kada da mesa da guza kuwa jikinsu yana bin zafin wurin da suke, don haka a watan Disamba da Janairu kada yakan yi makonni bai ci komai ba, ya fito ya kwanta a rana kamar gungume. A wannan lokacin ne yara, har da manya, suke jifansa da dutse ko ledar ruwa don su ga ko yana da rai, shi kuwa lafiyarsa ƙalau, ɗumi yake tarawa.

Wannan jifa da miƙa wa dabbobi abin hannu ba ƙaramar ɓarna suke yi ba, musamman a bukukuwan Sallah da gidan yake cika maƙil. Na taɓa buɗe cikin wata jimina da ta mutu bayan Sallah da 'yan kwanaki, na ciro leda dunƙule guda, da marafan kwalba, da ƙusa biyu, da ɗan makulli. Jimina tana haɗiyar tsakuwa don ta niƙa abinci a ƙundunta, kuma ba ta bambance tsakuwa da duk wani abu mai ƙyalli.

Batun fili da abokan zama shi ne wanda gidajenmu suka fi rauni a kai, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba. Giwa dabbar dangi ce, mace takan rayu duk tsawon ranta cikin garken uwarta da 'yan uwanta, tana ɗaukar ciki wata 22, kuma tana iya haura shekara 60. Giwa ɗaya tilo a fili mai katanga, tana kaɗa kai hagu da dama tun safe har yamma, ba rawa take yi ba kamar yadda ake gaya wa yara, alamar damuwa ce, daidai da zakin da ke kai da kawowa a bakin ƙarfe har ya yi hanya a ƙasa. A ganina gidan da ba zai iya riƙe giwaye uku ko huɗu ba, gara ya haƙura da giwa ɗungurungum. Tsarin keji mai sanduna ma tsohon yayi ne da aka gada daga gidajen zu na farko a Turai, irin na Biyana, babban birnin Ostiriya, da aka kafa a 1752 da na Landan na 1828. Tun 1907 wani Bajamushe mai suna Carl Hagenbeck ya buɗe gida a Hambug inda ya raba dabbobi da mutane da rami mai faɗi maimakon ƙarfe, kuma yawancin gidajen duniya sun bi wannan hanya. Namu gidajen, daga na Jami'ar Ibadan da ya faro a 1948, da na Jos na 1957, da wanda ke cikin gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, har zuwa na Kano da Gwamna Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970, kowanne yana da sassan da ke nuna zamanin da aka gina shi.

Yanzu ga inda dabbobin suke fitowa. Zamanin da ake tura mafarauta daji su kamo abin da ake so ya wuce, a doka dai. Yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta hana a tsallaka iyaka da dabba ko tsiron da ke fuskantar ƙarewa sai da takardun izini, Najeriya tana cikinta tun farko, kuma ta yi tata dokar a 1985. Aku mai jan wutsiya, wanda dā ake sayarwa a kasuwa kamar tattabara, tun 2017 yake cikin rukunin da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo shi. Hanyar da ta rage ita ce musaya tsakanin gidaje, wannan ya ba da 'ya'yan zakin da suka yi masa yawa ya karɓi jakin dawa, ko kuma saye daga wuraren kiwo masu lasisi. Amma idan kika tambayi mai kula da birai tarihin kowane ɗaya, za ki ji yawancinsu kyauta ce ta dole. Mutum ya sayi ɗan jan biri a bakin hanya yana ƙarami, ya girma ya fara cizon yaran gida, sai a ɗaure shi a kawo. Haka kurayen da aka karɓa daga hannun masu wasa da kura, da kunkuru da gauraka da jami'an kwastan ko na gandun daji suka ƙwace. Wannan ne ya sa za ki ga birai sun yi yawa har keji ya cika, wata dabbar kuma guda ɗaya tak ba ta da miji ko mata. Duk sabuwar dabba kuma sai an killace ta aƙalla kwana 30 kafin ta haɗu da sauran, musamman birai, domin tarin fuka yana wucewa tsakaninsu da mutum ta kowane ɓangare.

A nan zan ɗan ratse in gyara wani suna. Yara suna kiran duk babban biri da goggon biri, amma wanda suka fi gani mai dogon baki kamar na kare shi ne bika, mai jan gashi da dogayen ƙafafu jan biri ne, ƙaramin nan mai baƙar fuska kuma kirka. Gorila ta ainihi a Najeriya sai a duwatsun Kuros Riba kan iyakar Kamaru, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba.

Da za a ba ni zaɓi, ba zan kashe ko sisi a kan dabbar wata nahiya ba alhali namu suna ƙarewa a gabanmu. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma da suka rage a daji ba su fi kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, sai 'yan kaɗan a Senegal da Kainji da Yankari. Baƙin karkandan yankinmu, wanda ya yi zamansa na ƙarshe a arewacin Kamaru, an ayyana ƙarewarsa a 2011. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, yau da wuya a gan ta a fadamun da ta saba sauka, kuma ungulun da dā ba a rasa ta a kowace mahauta ta shiga jerin masu dab da ƙarewa tun 2015. Amfanin ajiye irin waɗannan ba zance ba ne kawai, labarin mariri ya isa shaida. Wannan farar dabba mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu ta taɓa cika sahel daga Nijar zuwa Chadi, farauta da fari da yaƙi suka gama da ita har aka ayyana a shekarar 2000 cewa babu ita a daji. Abin da ya cece ta shi ne garkunan da aka ci gaba da kiwo a gidajen zu da wuraren ajiya a Turai da Amurka da Abu Dabi, daga cikinsu aka fara mayar da ita gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a Chadi a 2016, ta hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai da rubutaccen tarihin kowace dabba, wato daga ina ta fito, wa ya haife ta, da wa aka haɗa ta. Inda babu wannan, za a wayi gari uba yana haihuwa da 'yarsa, zuriya ta raunana, ko a gauraya jinsin wata ƙasa da na wata har a rasa abin da za a mayar daji. Ko Turawa sun taɓa faɗawa wannan rami. Shekara da shekaru gidajen zu na Faransa suna zaton raƙuman dawan da ke hannunsu irin na Afirka ta Yamma ne, sai gwajin ƙwayoyin halitta a 2007 ya nuna na yankin Chadi da Kamaru ne. Ashe ainihin namu babu shi a ko'ina sai a Nijar, mafi yawansu a yankin Kure mai nisan kilomita 60 daga Yamai, inda suka ragu zuwa 49 a 1996, kafin kariyar gwamnati da haƙurin manoman wurin su sa su haura 600.

Mu dawo kan tsirrai, inda nake ganin kin fi gaskiya fiye da yadda kike zato. Bishiyoyin da kuka sha inuwarsu su ne tsirran, amma abin da ya raba lambun tsirrai da kurmin bayan gari shi ne allo da rajista, wato kowace bishiya a san sunanta na Hausa da na kimiyya, da asalinta, da shekarar da aka dasa ta. Idan babu allo, baƙo ba shi da laifi in ya ɗauka inuwa ce kawai. A irin waɗannan gidaje a ƙasar Hausa za ki tarar da 'yan gida kamar kuka da tsamiya da ɗorawa da maɗaci da marke da kanya da gamji da giginya da goriba da aduwa da kurna, a gefe guda kuma baƙi da suka zama 'yan gari. Darbejiya, duk da yadda ta mamaye titunanmu, daga Indiya aka kawo ta a zamanin mulkin mallaka, mangwaro ma daga can yake, bishiyar turare kuwa daga Ostareliya. Yaro da zai san wannan ya ƙaru da abin da bai gaza sanin sunan beyar ba.

Ga mai aiki a ciki, bishiyoyin nan rumbu ne. Namun daji masu cin tsiro kashi biyu ne, akwai masu kiwon ciyawa a ƙasa kamar ɓauna da gwanki da kanki, akwai masu tsinkar ganye kamar raƙumin dawa da mazo da gada. Kashi na biyun idan aka tsare su da harawa da dusa kaɗai, cikinsu yakan lalace su rame ko da kwano cike yake, don haka kowace safiya sai ma'aikata sun shiga da adda sun saro rassa an rataye musu a sama daidai tsayinsu. A nan gawo ya fi kowace bishiya daraja, saboda yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, lokacin da sauran suka bushe, ga 'ya'yansa da dabbobi ke rububi. Raƙuman dawan Kure ma da rani gangarowa suke yi kwarin Dallol Boso saboda gawo. Haka kuma dole mai kula ya san abin da ba a bari kusa da keji, kamar tumfafiya da tinya masu farin ruwa mai guba, da 'ya'yan zurma, da fulawar ado da ake kira oliyanda wadda ganyenta kaɗan ke tsayar da zuciyar dabba.

Wasu bishiyoyin kuma su kansu suna bukatar mafaka kamar zaki. Madobiya, wadda makiyaya suka sani da kyan ganye, an yi mata saran ƙare dangi a Taraba da maƙwabta ana fitar da katakonta zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin CITES a 2016, maɗacin Afirka kuma ya bi ta a 2022. Ko a cikin katangar gidan da na yi aiki, sai mun riƙa zagawa muna duba maɗatai, domin masu neman sassaƙe don maganin ciki suna ɓantarar ɓawon, kuma idan ɓantarar ta zagaye gindin gaba ɗaya bishiyar ta mutu ke nan, ko da shekararta 50. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka wanda ya sare ta don gawayi ba shi ne zai ga madadinta ba. Tsofaffin bishiyoyin gidan zu suna ba da iri ga masu renon dashe, sannan suna ɗauke da wasu mazauna da ba a rubuta su a rajista ba, irin su jemagu da kurege da hasbiya da balbela, waɗanda suka rasa wurin zama a cikin gari suka tare a nan da kansu.

Idan za ki sake kai su, Malama, ki zaɓi ranar aiki ba ranar biki ba, ku isa da sassafe kafin rana ta kori dabbobi cikin inuwa, ki kuma nemi a haɗa ku da ɗaya daga cikin masu kula da dabbobin, domin su ne suka san wadda ta zo jiya da wadda aka haifa a gidan. Ki sa kowane yaro ya tambayi kakarsa sunan bishiya biyar da amfaninsu kafin ranar, ya zo ya nemo su da idonsa. Idan akwai babban kunkurun sahel, ki tsaya da su a wurinsa ko da minti goma ne. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, ba wanda ya fi shi sai na tsibiran Galafagos da Aldabra, kuma ɗan ƙasarmu ne. In ba ku gan shi a fili ba, ku duba bakin ramin da ya haƙa a gindin katanga, can yake shigewa idan rana ta take.